Ɗan Kwikwiyo a Sabon Gida

Shirinmu na yau na masu sabon baƙo ne, baƙon da ake kawowa gida a cikin kwali: ɗan kwikwiyo.

Tun da sace-sace suka yi yawa, magidanta da dama da ba su taɓa tunanin ajiye kare ba sun fara neman na gadi. Mafarauta da makiyaya kam tuni suna tare da nasu, malamai kuma sun sha bayani cewa hadisi ya halatta riƙon kare don farauta da tsaron dabbobi da na gona. Sai dai mai neman karen gadi yakan manta cewa abin da za a miƙo masa jariri ne.

Kada a raba shi da uwarsa kafin ya cika mako takwas. A wurinta yake shan nonon da ke kare shi daga cututtuka, a cikin 'yan'uwansa kuma yake koyon wasa ba tare da ya datsa cizo ba. Ko ya cika mako takwas ɗin, daren farko sai an yi haƙuri. Za ka gan shi ya maƙure a bayan randa, jiki na rawa, wutsiya a tsakanin ƙafafu, yana wani siririn kuka har asuba. Kewar uwa ce da sanyi. A nemo masa kwali a inda iska ba ta bugawa, musamman da hunturu, a shimfiɗa tsumman da ya kwana a kai a gidansu na farko. Ƙanshin da ya sani yana kwantar masa da hankali, kwana kaɗan kukan zai wuce. Da rana kuwa a hana yara tashinsa, domin kwikwiyo yakan yi barcin awa 18 ko fiye a yini.

Abinci kaɗan-kaɗan, sau uku ko huɗu a rana, da ruwa mai tsabta a kwanonsa shi kaɗai, nesa da na mutanen gida. Madarar shanu takan sa shi zawo. Albasa da tafarnuwa da cakulan da goro duk guba ne a gare shi, saboda haka miyar da ta kwana ba tasa ba ce. Dafaffen ƙashin kaza kuma yakan tsage ya huda hanji. Da ya ci, ko ya farka, a kai shi wuri ɗaya da aka ware masa don ba-haya. In ya yi a nan a shafa kansa, da sannu zai riƙe. Daga wata uku zuwa shida yana famfara, zai tauna silifas da bakin tabarma. A ba shi igiya mai kauri, a ɗauke takalma daga ƙofar ɗaki.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Akwai masu cewa sai an ɗaure kare da sarƙa a rana, a hana shi ganin mutane, a riƙa dukansa, sannan zai yi zafi. Wannan zalunci ne, kuma ba ya haifar da mai gadi. Watanni ukun farko su ne lokacin da kwikwiyo ke tantance abin tsoro da wanda ba na tsoro ba. Wanda ya tashi yana ganin yaran gida da awaki da kaji, yana jin ƙarar babur da sallamar almajiri a zaure, ya san yadda gidan yake a kullum, don haka motsin da ya saɓa wa wannan da tsakar dare ba zai wuce shi ba. Wanda aka raina da sanda kuwa kowa abin tsoro ne a wurinsa, kuma kare mai tsoro shi ke cizo. Ɓarawo ba kullum yake zuwa ba. Yaron gidan da ya zo wucewa kusa da kwanonsa shi ne a hannu. A koya wa yara su ma: ba jan wutsiya, ba jifa, ba taɓa shi yana cin abinci.

Sai maganar asibitin dabbobi, wadda ba ta jiran a sami sarari. A makon farko a kai shi a ba shi maganin tsutsar ciki, a duba kaska da ƙuma. Daga mako shida zuwa takwas ake fara allurar cututtukan da ke kashe 'yan kwikwiyo, irin su fabo mai sa amai da zawon jini, ana maimaitawa har wajen mako 16. Kada a ba shi maganin mutane ba da izinin likita ba. A wata uku sai allurar haukan kare, wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom, kusa da Jos, tana cikin masu sarrafa ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 15 suna da yawa a ciki. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ya tashi.

Don haka ko kwikwiyo ne ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, a wuce asibiti a ranar, kada a tsaya shafe-shafe. Katin allurar kwikwiyon kuma a adana shi, a tafi da shi a nuna wa likita.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.