Kula da Manhajar Cikin Rauta a Sadarwar Raga ta 'Yan Sa-kai

Abin da ake kira sadarwar raga shi ne a haɗa akwatunan rediyo da yawa, kowanne yana karɓar saƙo daga maƙwabcinsa yana miƙa wa na gaba, har saƙon ya kai inda aka nufa, ba tare da waya ba. Kowane akwati, watau rauta, yana da umurnin da aka dasa masa a ciki, wanda shi ke gaya masa abin da zai yi. Wannan umurni shi muke nufi da manhajar ciki. Manufarmu a nan ita ce mu nuna cewa kafa irin wannan sadarwa ba shi ne mai wuya ba, riƙon manhajar shi ne aikin.

Asalin al'amarin daga Amurka ne. A 2003 aka gane cewa kamfanin Linksys ya yi amfani da Linux cikin rautarsa mai suna WRT54G. Sharaɗin lasisin Linux kuwa shi ne, duk wanda ya gyara shi ya rarraba, wajibi ne ya bayyana rubutun gyaran. Da kamfanin ya bayyana, sai masu sha'awa suka ɗauka suka gina OpenWrt a 2004. A kansa ne jama'ar Freifunk ta Jamus suka ɗora tasu manhajar. A cikinsu ne kuma aka ƙago hanyar zaɓen tafarkin saƙo da ake kira B.A.T.M.A.N., wadda wani reshenta ya shiga cikin Linux kansa a 2011.

To, wahalar riƙo iri uku ce. Ta farko ƙarancin wuri. Tsofaffin rautoci masu araha ma'ajiyarsu megabait 4 ce, ƙwaƙwalwar aikinsu 32, alhali kuwa manhaja kullum ƙara girma take yi. Sigar OpenWrt 19.07 ita ce ta ƙarshe da ta ɗauki irinsu. Wanda ya ci gaba da riƙe tsohuwar rauta ba zai sami gyaran tsaro ba, ga shi kuwa akan gano ɓaraka, kamar wadda Mathy Vanhoef ya bayyana a 2017 cikin makullin WPA2.

Ta biyu ita ce jituwa. Rautoci ba su iya miƙa wa juna saƙo sai ƙa'idarsu ta zama ɗaya. Sa'ad da B.A.T.M.A.N. ta tashi daga ƙa'ida ta 14 zuwa ta 15, sabuwa ba ta jin maganar tsohuwa. Saboda haka in aka fara sabunta rautar da ke kusa da mashigar intanet, na bayanta duka sun yanke, ba su da hanyar samun sabuwar manhaja sai an hau rufin kowane gida. Dabara ita ce a fara da na nesa.

Ta uku amana. Rautar da ke sabunta kanta tana iya haɗiye mugun umurni. Manhajar Gluon, wadda garuruwan Freifunk da yawa ke aiki da ita, ta yi maganin wannan: rauta ba ta karɓar sabuwar siga sai ta ga sa hannun asiri na adadin mutanen da jama'ar garin suka ƙayyade. Sa'an nan akan gwada sigar a 'yan rautoci kaɗan tukuna.

Duk wannan aikin sa-kai ne, ya dogara ga zaman lafiyar masu yinsa. A 2016 saɓani ya sa waɗansu suka ware daga OpenWrt suka kafa LEDE, ba su sake haɗewa ba sai 2018. Don haka malamin da ke son kafa raga a makarantarsa, kafin ya sayi rauta ko ɗaya, ya fara tambayar wa zai riƙa sabunta ta bayan shekara biyar.