Me Ke Kuka a Cikin Wannan Faifai?

A wata rumfar cajin waya da ke kasuwar Yelwa ta Yauri aka tayar da gardamar. Ranar kasuwa ce, jiragen ruwa sun cika gaɓa, masu albasa da busasshen kifi sun iso daga Ngaski da Shanga. Mai rumfar ya saki wani tsohon kiɗan Amurka, babu waƙa a ciki, jita da ganga suna tafe a hankali, wani abu kuma yana kuka a samansu. Wani dattijo da ya yi kiɗan kukuma a ƙuruciyarsa ya dakata, ya kasa kunne.

"Yaro, wannan ai goge ne," in ji shi. "Ji yadda yake zamewa daga sama zuwa ƙasa. Hannun Garba Supa ke nan."

"Baba, ba goge ba ne. Busawa ake yi."

Kowannensu yana da hujja. Zamewar da dattijon ya ji gaskiya ce, domin amon ba ya tsalle daga mataki zuwa mataki, gangarowa yake yi, irin ta yatsa a kan tsirkiya. Sai dai goge tsirkiya ɗaya gare shi, murya ɗaya yake fitarwa a lokaci guda, wannan abu kuwa wani sa'in muryoyi biyu ko uku yake saki tare. Wannan hujjar ce ta fitar da algaita da sarewa ma, duk da cewa dogon numfashin ya yi kama da na mai algaita idan ya kumbura kumatu. Abin da ya rage shi ne a duba sunan da ke jikin kiɗan: "Sad Hours", na Little Walter, 1952. Abin busar kuwa hamonika ce, 'yar ƙaramar nan mai ramuka goma da ake saya wa yara, wadda ba ta kai tsawon tafin hannu ba.

Nan ne tambayar ta ƙara tsanani. Duk wanda ya taɓa hura hamonika ya san siririyar muryarta, ya kuma san ba ta zamewa. A cikin kowane rami akwai harsunan tagulla biyu, ɗaya yana kaɗawa idan an hura, ɗayan idan an zuƙa, harsuna 20 ke nan, kuma tun daga masana'anta aka yanke wa kowanne muryarsa. Matthias Hohner ya fara ƙera ta a garin Trossingen na Jamus a 1857, samfurin Marine Band da masu kiɗan buluz na baƙaƙen fatar Amurka suka fi riƙewa kuma ya fito a 1896. An tsara ta ne don waƙoƙin gargajiyar Turai masu matakai ƙayyadaddu. To ina kukan ya fito?

Farkon amsar yana wurin da mai busa ke kafa gidansa. Wanda ya ƙera ta ya nufi a ɗauki muryar hurawa a matsayin tushe. Baƙaƙen fatar kudancin ƙasar Amurka sai suka juya lamarin, suka mayar da tushen kan zuƙar rami na biyu. Shi ya sa idan makaɗa suna kan E, mai hamonika yakan ɗauko ta A, shi ya sa kuma ƙwararre ke yawo da jaka cike da su, kowacce da muryarta. Da wannan juyi, muhimman muryoyin waƙa suka koma ɓangaren zuƙa.

Amfanin hakan shi ne, a ramuka shida na farko harshen zuƙa ya fi na hurawa tsayin murya, kuma akwai fili a tsakaninsu. Idan mai busa ya ja harshensa baya, ya sauya faɗin bakinsa da maƙogwaronsa yana zuƙa, sai muryar ta gangaro cikin wannan fili. A rami na uku filin ya fi faɗi, har ana iya tsayawa a wurare uku a tsakani, ko a bi ta kansu duka a zame. Makaɗan sun shafe shekaru da dama suna yin haka kafin masana su auna abin da ke faruwa a ciki. A 1998 wani likitan zuciya na Pittsburgh, Henry Bahnson, da abokan aikinsa suka wallafa bincikensu a kai: harsunan biyu suna kaɗawa tare ne, kuma idan muryar ta gangaro sosai, harshen hurawa, wanda ya kamata ya yi shiru, shi ke ɗaukar yawancin aikin. Wannan bayani yana burge ni ƙwarai, domin yana nufin rabin kayan kiɗan yana cikin bakin mutum ne, inda babu malamin da zai iya nuna wa ɗalibi da yatsa. Sai dai kunne ya koyar.

Saura kaurin muryar. Nan sai an bi rayuwar Little Walter. Sunansa Marion Walter Jacobs, ɗan Marksville ta jihar Luwiziyana. Ya bar gida yana ɗan shekara 12, yana busa a bakin titi daga gari zuwa gari, har ya isa Shikago a tsakiyar shekarun 1940, inda ya ci gaba da neman na abinci a kasuwar titin Maxwell. A farko salon John Lee "Sonny Boy" Williamson yake bi, kamar kowane matashi mai hamonika a lokacin. A 1948 ya shiga ƙungiyar Muddy Waters, ya tarar da matsala: jita ta samu lantarki, ganga tana dukan kunne, 'yar hamonika ba ta jiyuwa a gidan rawa. Sai ya haɗa ta da ƙaramin makirufo a cikin tafukansa, ya rufe su ruf, ya jona da amfilifaya. Wasu ma sun yi haka don neman ƙara kawai. Shi kuwa ya riƙa tura na'urar fiye da ƙarfinta har muryar ta dushe ta yi kauri, ya mayar da wannan dushewa abin ado, yana kwaikwayon masu busa saksafon da yake sauraro. Har yau masu wannan sana'a suna neman tsofaffin makirufo irin su Astatic JT-30 da Shure Green Bullet don su samu wannan amo.

A watan Mayu na 1952 ya naɗi "Juke" a kamfanin Chess. Kiɗan ya yi makonni takwas a saman jadawalin Billboard na kiɗan baƙaƙen fata, kuma babu wani kiɗan hamonika zalla da ya sake hawa wurin. Ya bar Muddy Waters ya kafa tasa ƙungiya, "My Babe" ta sake kai shi sama a 1955. Daga baya shaye-shaye da saurin fushi suka ci ƙarfinsa. Ya rasu a Fabrairun 1968 bayan wani faɗa a Shikago.

Tambaya ɗaya ta rage, kuma ita ce ta fi damuna: me ya sa kunnen mutumin Yauri ya ji goge a cikin kiɗan Shikago? Masanin kiɗa ɗan Ostiriya, Gerhard Kubik, ya bi wannan sawu a littafinsa na 1999, Africa and the Blues. Ra'ayinsa shi ne, tushen salon buluz ba a gaɓar teku yake ba, inda taron ganguna ke mulki. Yana yankin da ya taso daga Mali, ya ratsa arewacin Gana da arewacin Nijeriya zuwa Kamaru, ƙasar mawaƙi guda da abin kiɗansa mai tsirkiya, mai jan murya yana lanƙwasa ta a kan matakai biyar. Yauri tana tsakiyar wannan yanki. A Amurka kuma an tsananta wa ganga, hukumar Karolina ta Kudu ta haramta wa bayi ita a 1740, amma ba a hana su garaya da goge irin nasu ba. Daga cikin misalan Kubik akwai wani Bahaushe mai goge da ya naɗa a Kamaru a 1964, wanda ya jera shi da mawaƙi Big Joe Williams na Misisipi.

Faya-fayan Williams ɗin ne suka warware mini ƙullin. A watan Oktoba na 1935, a Shikago, ya naɗi "Baby, Please Don't Go", kuma mai amsa masa wani ne da ake kira Dad Tracy, yana goga abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya tak. A Disamban 1941 ya sake naɗar waƙar a birnin. Mawaƙin bai sauya ba, aikin mai amshi bai sauya ba, amma mai tsirkiya ɗaya ba ya nan. Wanda ya zauna a gurbinsa yana amsa muryar mawaƙin da hamonika shi ne Sonny Boy Williamson, mutumin da Little Walter ya fara koyon busa daga salonsa.