Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa a nan Nijar, Hadijatu Mani, wadda aka sayar a matsayin baiwa a 1996 tana da shekara 12, ita ce ta kai ƙarar gwamnati gaban kotun CEDEAO da taimakon ƙungiyar Timidria, har kotun ta hukunta a Yamai, ranar 27 ga Oktoba 2008, cewa hukuma ta gaza kare ta, ta kuma wajabta a biya ta diyyar sefa miliyan 10?

Kamar yadda wani ɗan gwagwarmaya mai suna Ambedkar ya jajirce a Indiya har tsarin mulkin 1950 ya haramta ƙyamar mutum saboda nasabarsa, haka ita ma ta tunatar da mu cewa karamar da Allah ya yi wa ƴan Adam ba ta ware kowa ba.