Yadda Kwamfuta Ke Riƙe Lamba Mai Ɗigo

Kwamfuta da 0 da 1 kaɗai take ƙirga. Cikakkun lambobi irin 7 ko 250 suna shiga wannan tsari cif-cif, amma lamba mai ɗigo irin 0.1 ba ta zauna daidai a cikinsa. Idan dillalan riɗi uku a kasuwar Birniwa suka raba la'adar naira 100, kowa zai tashi da 33.33, kwabo ɗaya ya rasa mai shi, domin ɗaya bisa uku ba ya ƙarewa a ƙirgen goma-goma. Haka ɗaya bisa goma yake a ƙirgen biyu-biyu: sai dai a datse shi. Shi ya sa idan aka haɗa 0.1 da 0.2 a harshen Python, amsar kan fito 0.30000000000000004.

Hanyar da ake bi ita ce ta ɗigo mai yawo. Maimakon a rubuta 1,500,000, sai a ajiye 1.5, a kuma ajiye adadin gurabun da ɗigon zai matsa, wato shida. Ƙa'idar IEEE 754, wadda ta fito a 1985 bisa jagorancin masana irin William Kahan na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ta ware, a ɗaya daga tsare-tsarenta, gurabu 64 na 0 da 1 ga kowace lamba: 52 na jikin lambar, 11 na matsawar ɗigo, ɗaya na alama. Wannan na riƙe alƙaluma 15 zuwa 16 kacal. Mai shagon kwamfuta da ya shigar da lambar katin banki mai alƙaluma 16 a Excel zai ga ta ƙarshen ta rikiɗe ta koma 0, domin manhajar 15 take tsarewa.

Gurbin alama shi ke bambanta riba da asara: 0 idan lambar tana sama da sifili, 1 idan tana ƙasa. Tun da gurbin zaman kansa yake yi, sifili ma kala biyu ne, +0 da −0. Kwamfuta na ɗaukarsu daidai da juna, amma idan aka raba 1 da kowannensu, amsoshin kan yi hannun riga.

Akwai umarnin da ke tambayar lamba ɓangaren da take, ya amsa da 1, ko −1, ko 0. Sunansa ne aka kasa haɗuwa a kai. Masana lissafi na rubuta sgn, suna kiransa da kalmar Latin signum, saboda a bakin Bature sign da sine na lissafin kusurwa furucinsu ɗaya. Harshen BASIC ya ɗauki SGN, Java ta ce signum, manhajojin Excel da NumPy suka zaɓi sign. Rumbun lissafin Python ba shi da wannan umarni; copysign ya tanada, mai kwafar alamar wata lamba ya ɗora wa wata, kuma yana gane −0 inda wasu kan amsa da sifili kawai.

Saboda datsewar da ake yi wa lamba mai ɗigo, masu rubuta manhajar kuɗi kan guje wa ɗigo gaba ɗaya. Kamfanin Paystack na Legas da kwabo yake karɓar adadi daga manhajoji: naira 500 ana aika ta a matsayin 50000, cikakkiyar lamba wadda ba ta barin saura.