Iskar da ke Tsakanin Murhu da Bango

A ƙasashen da sanyi ke kashe mutum, irin su Kanada da Norway da arewacin Amurka, gidaje da yawa na katako ne, kuma da murhun ƙarfe ake ɗumama su. Kamar akwati yake, da ƙofa da bututun hayaƙi, a cika shi da itace ya kwana yana ci. Wutar a kulle take, harshenta ba ya taɓa bango, sai maigida ya saki jiki.

Nan ne gizo ke saƙa. Katakon da ke shan zafi kullum yana dafuwa ne a hankali, ruwan jikinsa ya ƙare, ya soma rikiɗa gawayi ta bayan fenti, inda ido ba ya kaiwa. Sabon katako sai zafi ya kai wajen digiri 250 a ma'aunin Salshiyos kafin ya kama, amma wanda ya shekara da shekaru yana gasuwa na iya kamawa a ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Shi ya sa cewa "ai shekara goma ke nan ba abin da ya faru" ba hujja ba ce.

Ƙa'idar kiyaye gobara ta Amurka mai lamba NFPA 211 ta sa tazarar inci 36, kusan santimita 90, tsakanin bangon katako da murhun da ba a yi wa gwajin inganci ba. Bututun hayaƙi mai falle ɗaya kuwa, inci 18. To, wa ke da wannan fili a ƙaramin ɗaki? Sai a kafa garkuwa: fallen ƙarfe a gaban bango, da ratar inci 1 a bayansa, sama da ƙasa a buɗe. Da wannan garkuwa, tazarar murhun kan sauko zuwa inci 12.

Ba ƙarfen ne gwanin ba, ratar ce. Iska mai sanyi ta shiga ta ƙasa, ta kwashi zafi, ta fice ta sama. Wanda ya manna kwano ko tayil a jikin katako ya yi aikin baban giwa, don zafi zai ratsa kamar ba komai. Ko bulo aka jera ba rata, kashi ɗaya cikin uku na tazarar kawai yake ragewa. Abin da za a tokare fallen da shi ma kada ya zama katako, kuma kada a buga ƙusa daidai bayan murhun, don ƙarfe ɗan aiken zafi ne.

A nan gida murhunmu a buɗe yake, ga tartsatsi ga iskar hunturu. Sau nawa ka ga an jingina tsohon kwano a jikin zana a bayan tukunya? Gara a kafa shi a tsaye da duwatsu, a bar taƙi guda tsakaninsa da zanar, kuma a janye murhun baya. In girki ya yi nisa, ɗora tafin hannu a jikin zanar. In ka kasa barinsa a wurin, murhun ya yi kusa.