Ko Ka Sani? Ƙarfen da Aka Yi wa Walda Ba Ya Tsayawa Daidai Kan Awo

Wanda ya kai aikin get ɗin gida wurin mai walda a Ƙofar Marusa ta Katsina, ya ce faɗin ya zama mita huɗu cif, ya nemi abin da ko a masana'antun Jamus ba a yi wa kowa alkawarinsa. Dalili kuwa yana cikin halin ƙarfen. Wurin da wutar walda ta taɓa yana narkewa da zafin da ya kai kimanin digiri 1,500, alhali sauran ƙarfen da sanyinsa. Idan narkakken wurin ya huce sai ya tsuke, ya janyo abin da ke gefensa, firam ɗin ya ɗan karkace. Ko ba wuta ma, rana kaɗai ta isa: bututu mai tsawon mita shida yana ƙaruwa da kusan milimita biyu idan zafinsa ya hau da digiri 30, tazarar da ba ta fi ta asubahin hunturu da azahar ɗin bazara a Katsina ba.

Shi ya sa injiniyoyi suka yi wa kuskuren iyaka, maimakon su yi ta jayayya da ƙarfe. Ƙa'idar ISO 13920, wadda ta fito a 1996, ta kasa aikin walda aji huɗu. A abin da tsawonsa ke tsakanin mita biyu zuwa huɗu, ajin farko ya yarda da ragi ko ƙarin milimita 4, na biyu milimita 6, na ƙarshe har 16. Iyakar tana buɗewa gwargwadon girman aikin.

Wani zai ce ai wannan mafaka ce ga mai ha'inci. Zargin yana da ƙamshin gaskiya, domin akwai masu fakewa da “ƙarfe ne ya ja” su miƙa wa mutum ƙyauren da ke shurin ƙasa. Amma iyakar ita ce ke tona su: gwani yakan fara ɗiga walda nan da can don riƙe firam, ya auna kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu, sannan ya riƙa sauya gefe yana ƙonawa don jan ya kashe juna. Wanda ya yi haka da wuya ya wuce 'yan milimitoci. Wanda ya zarce santimita biyu a get, sakacinsa ne. Matse awo fiye da kima kuma kuɗi ne, don sai an yi ta gyara da guduma da wuta ko a kai injin sassaƙa, ba tare da get ɗin ya fi rufuwa ba.

Saboda haka kafin ka ba da kafin alƙalami, ku yi magana da mai walda kan ratar da za a bari tsakanin ƙyaure da ginshiƙi, ka tsananta a wurin hinji da sakata, sannan kada birkila ya kafe ginshiƙai sai an auna get ɗin da aka gama.