BABI NA UKU: HANYOYIN DA JAMI'O'I KE BI WAJEN ƘULLA HULƊA DA TAKWARORINSU NA ƘASASHEN WAJE

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana yadda jami'a ke ƙulla hulɗar ilimi da wata jami'a da ke wata ƙasa. Za a fara da taƙaitaccen tarihin irin wannan hulɗa a Nijeriya, sannan a kawo matakan da akan bi kafin ta tabbata. Daga nan sai a dubi misali guda a tsanake, wato aikin haɗin gwiwa da aka yi tsakanin Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Farankfot ta ƙasar Jamus, kafin a zo ga matsalolin da ke raunana irin wannan dangantaka. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, sa hannu a kan takarda ba shi ke raya hulɗa ba. Abin da ke raya ta shi ne aikin da kowane ɓangare yake da buƙata a cikinsa, da kuma mutanen da aikin ya horar ya bari a gida.

3.1 Asalin Hulɗar a Nijeriya

Ilimin jami'a a Nijeriya da hulɗa ya fara. Lokacin da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a shekarar 1948, ba ta da ikon bayar da digirin kanta. An jingina ta ne ga Jami'ar Landan ta hanyar wata dangantaka ta musamman, inda malaman Ibadan ke koyarwa, amma sai Landan ta amince da manhaja da tambayoyin jarrabawa, kuma digirin Landan ɗalibi yake karɓa idan ya kammala. Haka aka yi wa kwalejojin Legon a Gana da Makerere a Yuganda. Wannan hulɗa ta riƙo ce, wato irin ta uba da ɗa, domin ɓangare ɗaya ne ke da ta cewa. Ta ci gaba har shekarar 1962 lokacin da Ibadan ta zama jami'a mai cin gashin kanta.

Bayan samun 'yancin kai, sai salon ya canza. Rahoton kwamitin Ashby na shekarar 1960 ya nuna cewa ƙasar na buƙatar ƙarin jami'o'i, ga shi kuma babu isassun malamai 'yan ƙasa. Don haka sababbin jami'o'in suka nemi agaji daga waje. Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, wadda aka buɗe a 1960, ta samu taimakon Jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka, har zuwa ɓarkewar yaƙin basasa a 1967. Ita kuwa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, Jami'ar Jihar Kansas ce ta taimaka mata wajen gina tsangayar aikin gona da ta likitancin dabbobi, da kuɗin hukumar bayar da agaji ta gwamnatin Amurka. Tsarin da aka bi shi ne, malaman Kansas su zo Zariya su koyar na ɗan lokaci, a tura matasan malamai 'yan Nijeriya Amurka su yi manyan digirori, idan sun dawo su karɓi kujerun baƙin. Wannan dabara ta horar da magada ita ce ta sa tsangayoyin biyu suka ci gaba da aiki bayan baƙin sun koma gida.

Fannin nazarin Hausa ma ya ci moriyar irin wannan cuɗanya. Masanin harshe Paul Newman, Ba'amurke, ya shugabanci Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya da ke Kano a cikin shekarun 1970. A wannan cibiya ce shi da Roxana Ma Newman, tare da taimakon Ibrahim Yaro Yahaya da sauran ma'aikata, suka tsara Sabon Ƙamus na Hausa zuwa Turanci wanda ya fito a 1977. Cibiyar ta ci gaba da aikin ƙamus a hannun 'yan gida, har ta fitar da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero a 2006.

3.2 Matakan Ƙulla Hulɗa

Idan aka yi la'akari da yadda abin ke gudana, za a ga cewa akwai matakai huɗu da yawanci akan bi.

Mataki na farko shi ne sanayya tsakanin malamai. Da wuya hulɗa ta faro daga ofishin shugaban jami'a. Galibi malamai biyu ne masu bincike a fanni ɗaya kan haɗu a wurin taron ƙara wa juna sani, ko kuwa ɗaya ya kasance shi ya duba kundin digiri na uku na ɗayan, ko an gayyato shi a matsayin mai jarrabawa na waje. Daga nan wasiƙu su fara kai-komo, a yi rubutu tare, har amana ta shiga tsakani.

Mataki na biyu shi ne shigar da hukuma cikin maganar. Sashen da abin ya shafa zai gabatar da buƙata ga tsangaya, daga nan a wuce da ita ga majalisar da ke kula da harkokin karatu ta jami'a. Idan an amince, sai shugabannin jami'o'in biyu su sa hannu a kan yarjejeniyar fahimtar juna. Wannan takarda takan ambaci fannonin da za a yi aiki a kansu, da musayar malamai da ɗalibai, da musayar littattafai da mujallu, da kuma wa'adin da za a sake duba ta. Abin lura a nan shi ne, yawancin irin wannan yarjejeniya nuna niyya kawai take yi, ba ta tilasta wa kowa kashe ko sisin kwabo.

Mataki na uku, wanda shi ne mafi wuya, shi ne neman kuɗi. Tikitin jirgi da masauki da kayan ɗakin gwaji duk kuɗi ne, kuma ba kasafai kasafin jami'a ke ɗaukarsu ba. Saboda haka akan rubuta takardar neman tallafi zuwa ga wata hukuma ta uku, kamar hukumar musayar masana ta Jamus da ake kira DAAD, ko shirin Fulbright na Amurka, ko wata gidauniya mai zaman kanta. Alal misali, daga shekarar 2000 Gidauniyar MacArthur ta tallafa wa jami'o'i huɗu a Nijeriya, wato Ahmadu Bello da Bayero da Ibadan da Fatakwal, musamman wajen horar da malamai da samar da kwamfutoci da intanet.

Mataki na huɗu shi ne gudanar da aikin kansa. Kowace jami'a takan naɗa malami guda ya zama jami'in tuntuɓa, shi zai riƙa shirya tafiye-tafiye da neman izinin bincike da rubuta rahoto. Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take. Idan shekara ta zagayo babu wanda ya je babu wanda ya zo, to yarjejeniyar ta mutu ko da wa'adinta bai cika ba.

3.3 Misalin Maiduguri da Farankfot

A shekarar 1988 Jami'ar Farankfot ta fara wani babban shirin bincike a kan tarihin al'adu da harsuna da muhallin yankin sabana na Afirka ta Yamma, da kuɗin hukumar tallafa wa bincike ta ƙasar Jamus. Shirin ya ɗauki tsawon lokaci har zuwa 2002. Ya yi aiki musamman a Nijeriya da Burkina Faso, kuma daga cikin abokan aikinsa akwai Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Wagadugu. A cikinsa akwai masana harshe irin su Herrmann Jungraithmayr, wanda ya shahara a nazarin harsunan Cadi, dangin da Hausa take ciki. Akwai kuma masana kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa, da masana labarin ƙasa, da masana tsirrai, da masana al'adun al'umma.

Dalilin da ya sa wannan hulɗa ta yi ƙarko a fili yake. Jamusawa suna da kuɗi da ɗakunan gwaji, amma abin da suke son nazari yana yankin Tafkin Cadi. Ba za su iya shiga ƙauyukan Barno su haƙa ƙasa ko su naɗi maganar mutane ba sai da izinin hukuma, da masu jin Kanuri da sauran harsunan yankin, da kuma waɗanda suka san hanyar gaishe da lawani da bulama. Duk waɗannan suna wajen Jami'ar Maiduguri. Su kuma malaman Maiduguri suna buƙatar kayan aiki da damar ƙaro ilimi da hanyar buga sakamakon bincikensu. Ke nan abin ya zama cuɗe ni in cuɗe ka.

Babban abin da ya fito da wannan aiki a idon duniya shi ne kwalekwalen Dufuna. A shekarar 1987 wani makiyayi Bafillace yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a gefen kogin Komadugu Gana, cikin ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da wani katako mai tauri a zurfin kimanin mita 5. Labari ya kai ga hukuma, daga nan ya isa Jami'ar Maiduguri. Abubakar Garba na wannan jami'a da Peter Breunig na Farankfot su ne suka jagoranci aikin tono shi a 1994. Tsawonsa ya kai mita 8.4. An aika ɓarɓashinsa zuwa ɗakunan gwaji biyu a Jamus, ɗaya a Kiel ɗaya a Kolon, inda aka auna shekarunsa ta hanyar awon sinadarin kabon. Sakamakon ya nuna cewa ya kai kimanin shekaru 8000, wato shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Daga baya aka kai shi Damaturu domin adanawa.

Idan aka duba wannan labari da kyau, za a ga babu ɓangaren da zai iya gama aikin shi kaɗai. Ba don jami'ar da ke kusa ba, da labarin katakon bai wuce ƙauye ba. Ba don ɗakunan gwajin Jamus ba kuwa, da ba a tabbatar da shekarunsa ba. Har ila yau, haƙe-haƙen da aka yi a Gajiganna, arewa da Maiduguri, sun nuna cewa mutane sun zauna a wurin tun kusan shekaru 3800 da suka wuce, an kuma ga alamun gero a jikin fasassun tukwanensu, abin da ya ƙara haske a kan tarihin noma a yankin.

3.4 Matsalolin da ke Raunana Hulɗa

Matsala ta farko ita ce rashin daidaito. Wanda ya kawo kuɗi shi ke zaɓen abin da za a bincika, kuma sau da yawa sunansa ne ke fitowa a gaba idan an zo buga sakamako, ɗan gida kuwa ya tsaya a matsayin mai tattaro bayanai. Wannan ƙorafi ya fito fili a wani aiki na daban da masanan Farankfot suka fara a yankin Nok a 2005. Wasu masana kayan tarihi na Nijeriya sun nuna rashin jin daɗinsu game da yadda aka fitar da gumakan yumɓu na Nok zuwa Jamus, inda aka baje kolinsu a wani gidan tarihi na Farankfot daga 2013 zuwa 2014, alhali yawancin 'yan ƙasa ba su gan su ba tukuna. Darasin da ke cikin wannan shi ne, ya kamata tun a yarjejeniya a fayyace wanda ke da mallakar kayan da aka samo, da inda za a ajiye su, da yadda za a jera sunaye a rubutu.

Matsala ta biyu ita ce tattalin arziki. Bayan shigo da shirin gyaran tattalin arziki a 1986, darajar naira ta faɗi, sayen mujallu da kayan gwaji daga waje ya yi wuya, malamai da dama kuma suka bar ƙasar. A irin wannan yanayi, hanyar da aka buɗe domin horar da malami ita ce takan zama hanyar rasa shi, idan ya tafi karatu ya ƙi dawowa. Tsadar karatu a waje da kuma rashin dawowar wasu malamai su ne dalilan da asusun TETFund ya bayar lokacin da ya sanar da dakatar da tura malamai ƙasashen waje daga farkon 2025.

Matsala ta uku ita ce siyasa da tsaro. An riga an ambaci yadda yaƙin basasa ya katse aikin Mishigan a Nsukka. Haka kuma dakatar da Nijeriya daga ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila a 1995 ya sanyaya dangantaka da ƙasashen Turai na wasu shekaru. Rikicin da ya ɓarke a Maiduguri a 2009 ya sa zuwan baƙin masu bincike yankin Barno ya yi wuya ƙwarai. A watan Fabrairu na 2017 kuma aka sace Peter Breunig da wani abokin aikinsa a wurin haƙa a kudancin jihar Kaduna, kafin a sako su bayan 'yan kwanaki. Yajin aikin da kan rikita kalandar karatu shi ma yana hana musayar ɗalibai, domin jami'ar waje ba za ta iya tsara zangonta a kan ranar da ba ta da tabbas ba.

3.5 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda hulɗar jami'o'in Nijeriya da na waje ta taso daga matsayin riƙo a zamanin Ibadan da Landan, zuwa matsayin agaji a zamanin Zariya da Kansas, har zuwa haɗin gwiwar bincike irin na Maiduguri da Farankfot. An kuma kawo matakai huɗu da akan bi, wato sanayya da yarjejeniya da neman kuɗi da gudanarwa. Daga misalan da aka bayar, ana iya cewa hulɗar da ta yi amfani ita ce wadda jami'ar gida ta shiga da wani abu nata a hannu, ko harshe ko muhalli ko kayan tarihi, ta kuma dage a kan horar da malamanta. Saboda haka, kafin jami'a ta sa hannu a kan kowace yarjejeniya, ya dace ta tantance abin da take da shi wanda abokiyar hulɗar ke nema, da adadin malaman da za a horar, da kuma wanda zai ɗauki nauyin aikin idan kuɗin waje ya ƙare.